Yadda Ake Gano Matsala da Gyara Ta Idan Filas ɗin Ceto Ya Ƙi Haɗuwa Ko Ya Ƙi Tayar da Kwamfuta

Manhajojin ajiye kwafin kwamfuta irin su Macrium Reflect, Acronis True Image, AOMEI Backupper, EaseUS Todo Backup da Veeam Agent duk suna da sashen da ke haɗa filas na ceto. Shi ne filas ɗin da zai tayar da kwamfuta ranar da Windows ta ƙi tashi, ya buɗe maka manhajar, ka maido da kwafin da ka ajiye. Idan babu shi, kwafin yana nan lafiya lau amma babu hanyar mayar da shi.

Abin da yawancin mutane ke yi idan haɗin ya tsaya shi ne su sake fomatin ɗin filas, su sake danna maɓalli, in ya ƙi su sayo wani. Sau da yawa ba laifin filas ba ne sam. Aikin hawa-hawa yake. Da farko manhajar tana samo wata ƙaramar Windows, ko dai Windows RE da ke ɓoye a cikin kwamfutarka a fayil mai suna Winre.wim, ko Windows PE da ake saukewa daga Microsoft. Sai ta kwance wannan fayil a wata folda ta wucin gadi, ta zuba kanta da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane kayan kwamfuta, a ciki, ta ɗaure shi ya zama boot.wim. Bayan nan ne take rubuta shi a filas. Daga nan sai kwamfuta ta yarda ta tashi da shi, sannan ƙaramar Windows ɗin ta iya ganin faifan da ke ciki. Kowane hawa da irin cutarsa, maganin wannan kuma ba ya yi wa wancan.

Raba matsalar gida biyu tukuna

Kafin ka taɓa komai, koma cikin manhajar ka zaɓi ta fitar maka da fayil ɗin ISO, wato fayil guda mai ɗauke da duk abin da za a zuba a filas, a maimakon ta rubuta kai tsaye a filas. Kusan dukkansu suna da wannan zaɓi. Idan ISO ya fito lafiya, ginin ba shi da matsala, ka tsallaka zuwa maganar filas. Idan ISO ma ya ƙi fitowa, to cire filas ɗin ka ajiye gefe, matsalar tana cikin Windows ɗinka. Wannan gwaji na minti biyar zuwa goma ya fi kowace dabara da ke ƙasa rage wahala.

Idan ISO ma ya ƙi fitowa

Buɗe Command Prompt da izinin admin, ka rubuta:

reagentc /info

Duba layin Windows RE status. Idan ya ce Enabled kuma ya nuna wurin da fayil ɗin yake, da sauƙi. Idan ya ce Disabled, rubuta reagentc /enable, ka sake dubawa. Sau da yawa nan kaɗai gyaran yake, musamman a kwamfutar da aka kwafe tsohon faifanta zuwa sabon SSD, ko wadda wani mai gyara ya goge ƙaramin ɓangaren faifai mai suna Recovery yana ganin cin wuri kawai yake yi.

Idan umarnin ya dawo da cewa bai sami hoton Windows RE ba, wato fayil ɗin da ke ɗauke da ita, Winre.wim ne ya ɓace. Irin wannan ne ma ke sa kayan aikin Windows na kanta ya ce "We can't create a recovery drive on this PC". Hanyar maido da shi ita ce ka sauke ISO na Windows daga shafin Microsoft, wanda ya yi daidai da wadda kake kai, 10 ko 11. Buɗe shi, ka shiga foldar sources, ka buɗe install.wim ko install.esd da manhajar 7-Zip. Za ka ga foldoji masu lamba 1, 2, 3, kowace tana wakiltar wani nau'in Windows. Shiga ɗaya, ka bi Windows, System32, Recovery, ka kwafo Winre.wim zuwa C:\Windows\System32\Recovery. Sannan ka rubuta waɗannan biyun a jere:

reagentc /setreimage /path C:\Windows\System32\Recovery
reagentc /enable

In har yanzu ya ƙi, akwai fayil mai suna ReAgent.xml a wannan foldar da ke riƙe da tsohon adireshi. Ka canza shi da wanda ke cikin ISO ɗin, a foldar da ka ɗauko Winre.wim, ka sake gwadawa. Bayanin abin da ya hana shi yana rubuce a C:\Windows\Logs\ReAgent\ReAgent.log, kuma layukan ƙarshe ne ke da amfani.

Akwai kuma ƙarancin wuri a ɓangaren Recovery. A watan Janairun 2024 sabuntawar KB5034441 ta Windows 10 ta riƙa faɗuwa a kwamfutoci masu yawa da lambar 0x80070643, saboda tana buƙatar megabait 250 na sarari a wannan ɓangare, su kuma ba su da shi. Kwamfutar da aka yi wa gyaran hannu a lokacin, aka kashe Windows RE domin a faɗaɗa ɓangaren sannan aka manta ba a kunna ba, har yau za ta riƙa hana manhajar ajiya haɗa filas.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana da wata hanya: ya shiga zaɓin ci-gaba na manhajar ya ce ta yi amfani da Windows PE. Wasu manhajojin su ke sauke shi da kansu, wasu kuma sai ka girka Windows ADK, kunshin kayan aikin Microsoft da ake gina Windows PE da shi. A nan mutane ke yawan tuntuɓe, domin tun daga Windows 10 sigar 1809 Microsoft ta raba abin gida biyu: ADK daban, ƙarin Windows PE daban. Dole ka girka duka biyun, kuma sigarsu ta zama ɗaya. A cikin ADK ba ka buƙatar komai sai Deployment Tools, cire alamar sauran don kada datarka ta ƙare a banza. Saukewar tana da nauyi, idan intanet ya yanke a tsakiya fayil ɗin kan lalace, manhajar kuma ta ci gaba da amfani da gurguwar kwafin tana faɗuwa a wuri ɗaya kullum. Maganinsa a cire abin da aka sauke gaba ɗaya a sake daga farko a kan layi mai ƙarfi. Mai tsohuwar kwamfuta mai 32-bit ya sani cewa daga ADK na Windows 11 sigar 22H2 an daina saka Windows PE mai 32-bit, sai ya nemi tsohuwar siga ta Windows 10. Sababbin kwamfutoci masu kwakwalwar Snapdragon kuwa sai nau'in ARM64, kuma ba kowace manhaja ke goyon bayansa ba.

Sai matsalar da ta fi ɓoyewa. Idan haɗin ya taɓa yankewa a tsakiya, ko wuta ta ɗauke, ko ka rufe manhajar da ƙarfi, hoton Windows, wato fayil ɗin .wim da aka kwance, yana nan a rataye, Windows na ganin har yanzu ana aiki da shi. Duk ƙoƙarin da ya biyo baya zai faɗi, wani lokaci da lambar 0xc1420127. Rubuta:

dism /get-mountedwiminfo

Idan ya nuna wani hoto alhali babu aikin da kake yi, rufe duk tagogin File Explorer, ka rubuta dism /cleanup-wim, sannan dism /cleanup-mountpoints, ka sake kunna kwamfuta. Cikakken bayanin kuskuren yana C:\Windows\Logs\DISM\dism.log.

Saura ƙananan abubuwa uku da ake dubawa da sauri. Faifan C ya kasance da sarari na aƙalla gigabait 5, domin kwance hoton na cin wuri fiye da girmansa. Manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta, har da Controlled folder access na Windows Security, na iya hana rubutu a foldar wucin gadi ko a sashen farko na filas, don haka a dakatar da ita na lokacin haɗin kaɗai a mayar nan take. Idan kuma fayilolin Windows ne suka samu rauni, sai DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayan ya gama a bi shi da sfc /scannow.

Idan ISO ya fito amma filas ya ƙi

Fara da tabbatar da cewa filas ɗin na gaskiya ne. Kasuwa cike take da filas da aka rubuta wa 64GB ko 128GB a jiki alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Irin wannan yakan karɓi fomatin lafiya, ya nuna an kwafe fayiloli, amma duk abin da ya wuce iyakarsa ta gaskiya ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Manhajar H2testw tana cika filas da bayanai ta sake karanta su, ValiDrive kuma ta fi sauri wajen gano na bogi. Idan gwajin ya nuna kuskure ko da ɗaya ne, kada ka ɗora ceton kwamfutarka a kansa. Filas mai 8GB na kirki ya wadatar wa yawancin manhajojin ajiya, domin abin da suke rubutawa ba kasafai yake wuce gigabait 1 zuwa 2 ba. Filas ɗin ceto na Windows kanta mai ɗauke da fayilolin tsari shi ne ke neman 16GB ko fiye.

Babban filas ma yana da tasa matsalar. Kwamfutocin zamani masu UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta da ya maye gurbin BIOS, suna neman ɓangare mai tsarin FAT32 domin su tashi daga gare shi, amma tagar fomatin ta Windows ta daɗe ba ta ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya wuce 32GB. Filas masu 64GB zuwa sama kuma yawanci da exFAT suke zuwa. Ga tsofaffin ɓangarori da wani aikin baya ya bari, kamar filas da aka taɓa rubuta Linux a kai. Duk wannan ana warware shi da share filas ɗin tas a yanka masa ƙaramin ɓangare.

Cire duk wani faifan waje, musamman wanda kwafin ajiyarka ke ciki, kafin ka fara. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma idan ka zaɓi lambar da ba ita ba, faifan da ka zaɓa ya tafi. A Command Prompt na admin:

diskpart
list disk
select disk 2
detail disk
clean
convert mbr
create partition primary size=16000
format fs=fat32 quick
active
assign
exit

Lambar 2 misali ce kawai, ka saka lambar filas ɗinka bisa girman da list disk ya nuna, ka kuma karanta sunan da detail disk ya fitar kafin ka rubuta clean. Idan filas ɗin bai wuce 16GB ba, cire size=16000 daga umarnin. Idan convert mbr ya yi ƙorafi saboda faifan dama yana kan MBR, tsohon tsarin raba faifai, wuce kawai. Tsarin MBR da FAT32 da alamar active shi ne ke ba filas damar tashi a tsohuwar kwamfuta mai BIOS da sabuwa mai UEFI duka.

Idan diskpart ya ce filas ɗin a kulle yake ba a rubutu, duba ko yana da ɗan makunni a gefe, sannan bayan select disk ka gwada attributes disk clear readonly. In ya ci gaba da ƙi a kwamfutoci biyu daban-daban, filas ɗin ne ya kulle kansa saboda ya tsufa, babu umarnin da zai buɗe shi. Wasu filas kuma, da faifan SSD na waje, suna bayyana wa Windows a matsayin faifan cikin gida, shi ya sa manhajar ba ta lissafa su ba. A kwamfutar tebur a soka filas a ramukan baya da ke manne da uwar allo (motherboard), ba na gaba ba, kuma ban da na'urar rarraba USB.

Idan bayan duk wannan manhajar ta ƙi rubutawa da kanta, ai ISO yana hannunka. Buɗe Rufus, manhajar rubuta ISO a filas, zaɓi filas, zaɓi ISO, ka sa GPT, sabon tsarin raba faifai, da UEFI ga sabuwar kwamfuta ko MBR ga tsohuwa, ka bar tsarin fayil a FAT32. Ga ISO da aka gina a kan Linux, idan Rufus ya tambaye ka salon rubutu, fara da na ISO, in bai tashi ba ka maimaita da na DD. Abu ɗaya da FAT32 ba ya ɗauka shi ne fayil guda da ya wuce 4GB. Filas na ceto ba ya kai haka sai an cusa masa direbobi barkatai, in ka ga wannan ƙorafi to rage direbobin.

An haɗa, amma kwamfuta ta wuce shi ta shiga Windows

Mafi sauƙin dalili shi ne ba a buɗe jerin zaɓin tashi ba. A HP maɓallin F9 ne, a Dell da Lenovo F12, a Acer ma F12 amma sau da yawa sai an kunna shi a cikin saitin BIOS, a Asus kuma Esc ko F8. Ana fara dannawa ne da zarar an kunna, kafin tambarin Windows ya fito. Idan kwamfutar ta fi hannunka sauri, Fast Startup na iya zama dalili, domin kashewar da take yi ba cikakkiya ba ce. Riƙe Shift ka danna Restart, ka zaɓi Use a device, ka nuna filas ɗin.

Idan filas ya bayyana sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gaban sunansa ɗaya babu, zaɓi wanda ya dace da yadda aka girka Windows ɗinka. Za ka san haka ta rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: tashi a salon da ba shi ba na iya sa gyaran tashi da manhajar za ta yi bayan maido da kwafi ya fito a karkace. Idan kuma bai bayyana ba ko sau ɗaya, buɗe filas ɗin a Windows ka tabbatar akwai foldar EFI, cikinta BOOT, cikinta fayil bootx64.efi. Babu shi, UEFI ba zai gan shi ba.

Secure Boot ne ke biye, wato tsaron da ke hana kwamfuta tashi da fayil ɗin da ba ta amince da sa hannunsa ba. Filas da aka gina a kan Windows RE ko PE yawanci yana wucewa, wanda aka gina a kan Linux ne ya fi cin karo da shi. Wasu kwamfutocin ofis, kamar sababbin ThinkPad, suna zuwa da zaɓin Allow Microsoft 3rd Party UEFI CA a kashe, kuma kunna shi kaɗai ya isa ba sai an kashe Secure Boot gaba ɗaya ba. Akwai kuma sauyin da ya fara a watan Mayun 2023, lokacin da Microsoft ta fitar da gyara kan muguwar manhajar BlackLotus. A kwamfutar da aka zartar da soke tsofaffin fayilolin tashi, tsohon filas ba zai ƙara tashi ba, sai ya nuna ƙorafin tsaro ko lambar 0xc0000428. Takardun shaidar Secure Boot na shekarar 2011 ma wa'adinsu na ƙarewa ne daga watan Yunin 2026, ana maye gurbinsu da na 2023. Gyaran da ya dace shi ne a sabunta Windows da manhajar ajiyar, a sake gina filas daga tushe.

Kafin ka taɓa Secure Boot ko wani saiti a BIOS, nemo mabuɗin BitLocker ɗinka, wato tsarin Windows na kulle faifai. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da faifai a rufe ba tare da mai su ya sani ba, kuma sauya waɗannan saituna na sa su nemi lambobi 48 kafin su buɗe. Umarnin manage-bde -protectors -get C: zai nuna maka su, ko ka duba asusunka na Microsoft. Rubuta su a takarda.

Lambobin kuskure biyu da ake yawan gani a shuɗin allo bayan filas ya fara tashi: 0xc000000f na nufin an rasa wani fayil na tashi ko ya lalace, wato a koma a gwada lafiyar filas a sake rubutawa. 0xc0000017 na nufin ƙwaƙwalwar RAM ba ta isa ɗaukar boot.wim ba, domin gaba ɗayansa ake lodawa a cikinta. Rage direbobin da aka ƙara ko amfani da nau'in Linux na manhajar kan warware shi a ƙananan kwamfutoci.

Ya tashi, amma bai ga faifai ba

Wannan ita ce matsalar da ta fi cutarwa, domin ba a gano ta sai ranar buƙata. Kwamfutocin hannu masu Intel daga zango na 11 zuwa sama da yawa suna ɓoye faifan SSD nau'in NVMe a bayan VMD, wata fasahar Intel ta sarrafa faifai, kuma Windows PE na gama-gari ba lallai ya zo da direbanta ba. Manhajar za ta buɗe, jerin faifai ya fito fayau. Filas da aka gina daga Windows RE na kwamfutar kanta ya fi tsira daga wannan, shi ya sa ya fi kyau a haɗa filas a kan kwamfutar da zai ceta.

Tun Windows na aiki, kwashe direbobinka ka ajiye. Buɗe folda a wani faifai, ka rubuta:

dism /online /export-driver /destination:D:\direbobi

Nemo foldar da sunanta ya fara da iastorvd, ka kwafa ta cikin filas ɗin ceto, ko ka nuna wa manhajar ita a wurin ƙara direba lokacin gini. Sai an ba ta foldar da ke da fayil mai ƙarewa da .inf, ba ta karɓar .exe. Idan kana cikin filas ɗin ne ka tarar babu faifai, buɗe Command Prompt na ciki ka rubuta drvload tare da cikakken adireshin iaStorVD.inf, sannan ka sa manhajar ta sake lalubo faifai. Ka lura haruffan faifai na canzawa a can: X ita ce ƙaramar Windows ɗin, C ɗinka na iya zama D ko E, don haka duba da list volume a diskpart.

Za ka ji ana cewa a kashe VMD ko a mayar da saitin zuwa AHCI a BIOS. Faifan zai bayyana, gaskiya ne, amma Windows da aka girka a ƙarƙashin VMD za ta faɗi da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE idan ba a mayar da saitin yadda yake ba, kuma a kwamfuta mai RAID abin na iya fin haka muni. Ƙara direba ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Idan faifan ya bayyana amma a kulle, BitLocker ne. Buɗe shi da manage-bde -unlock, harafin faifan, -RecoveryPassword, sai lambobi 48 ɗin. Idan kwafin yana kan na'urar ajiya ta ofis, yi amfani da kebul na intanet, domin Windows PE ba ya zuwa da Wi-Fi, Windows RE ne ke da shi. Linzamin taɓawa (touchpad) na kwamfutar hannu ma kan ƙi motsi a can, linzamin USB na gama-gari ya wadatar.

Akwai kuma filas da ya tsufa ya bar manhajar a baya. Acronis ta koma tsarin fayil na tibx daga sigar 2020, Macrium kuma ta zo da mrimgx a Reflect X, kuma tsohon filas ba ya karanta sabon tsari. Duk lokacin da ka ɗaga manhajar zuwa babbar siga, ko ka canza faifai, ko ka sabunta BIOS, sake gina filas.

Gwajin ƙarshe ana yin sa ne tun kwamfuta na lafiya. Soka filas da faifan da kwafin ke ciki, tayar da kwamfutar daga filas, ka tabbatar kibod da linzami na aiki, faifan ciki ya bayyana da girmansa daidai, faifan waje ma haka. Zaɓi fayil ɗin kwafin, ka sa manhajar ta tantance lafiyarsa da zaɓin Verify ko Validate, ka bi matakan maidowa har zuwa shafin da ke nuna faifan da za a rubuta a kai, sai ka soke a nan ba tare da ka danna maɓallin ƙarshe ba. Cire filas, ka tabbatar Windows ta tashi kamar kullum. Manna masa takarda mai sunan kwamfutar, sunan manhajar da sigarta da ranar da aka haɗa shi, ka kwafi fayil ɗin ISO da foldar direbobi zuwa faifan ajiyar, takardar lambobin BitLocker kuma ta zauna a wani wuri daban da jakar kwamfutar.